Askar da ta fita daga zabirar Baba Wanzam

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, wanda Zangon Lome ta sani da Baba Wanzam. Ban yi karatu ba. Ni ke faɗa, 'yata Hajara na rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Lokacin da muka tare a unguwar nan, gonakin rogo ne a bayan gidanmu. Suna ɗaya ake yi a mako, wani makon ma babu. Kafin ya tsufa, sai ya yi askin jarirai uku da hantsi ɗaya. Ya kan dawo ya rataye zabira ya ce, "Hajiya, yaran nan suna ta zuwa, Allah Ya raya. Amma ina aikin da zai ɗauke su?" Ni kuwa in ce masa bakin da Allah Ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Babu saurayin da bai sani ba. In faɗa ya kaure a bakin masallaci, ba ya ɗaukar sanda. Kunne yake kamawa ya ce, "Kai ɗan Sa'a, ni na aske kan nan kana kwana bakwai, ka yi mini fitsari a riga." Sai a fashe da dariya, faɗa ya mutu.

Yau gonakin sun zama ɗakunan haya. Samari sun cika ko'ina, wasu haifaffun nan, wasu sun sauko daga arewa, kowa da babur yana neman fasinjan kasuwar Assigamé. Fasinja ɗaya, babur biyar. A da gawar tsoho ake wucewa da ita ta ƙofarmu. Yanzu in na tambaya wa ya rasu, sai a ce yaro ne, an soke shi. Tsoho ba ya zare wuƙa a kan wa ya riga wa. Jinin ƙuruciya ne, ga yawa, ga yunwa, ga babu mai kama kunne.

Watan jiya aka kashe Habu, aminin jikana Nasiru, a tashar babura, rana tsaka, a kan fasinja. An kama wanda ya yi. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne, da wanda aka kashe da wanda ya kashe, hannu ɗaya ne ya aske su ranar suna. Da Baba Wanzam na raye, ban san gidan da zai fara zuwa ba.

Ranar Juma'a na sauke zabirarsa zan goge, kamar yadda na saba duk shekara. Aska bakwai ya bari. Na tarar da shida.

Na tare Nasiru yana tura babur. Na ce, "Angona, ko aski za ka koya, da gemun naka da bai kai na ɗan akuya ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ça va, ya isa haka, Kaka. 'Yan'uwan wanda ya kashe Habu suna nemanmu. Rama cuta ga macuci ibada ne."

Na ce, "A wane allo ka karanta wannan? Matarka cikin wata bakwai gare ta. Askar nan kan ɗanka take jira."

Ya sunkuyar da kai, ya tayar da babur. Har yau bai dawo gida ba, gurbin askar a zabira babu komai. Duk ƙarar da na ji a ƙofa, sai in leƙa: shi ne, ko masu kawo labari?

Maigidana bai bar gida biyu ba, bai bar shago ba. Kawunan da ya aske ya bari. Ku masu kawunan, kuna nan a unguwar Totsi, kuna canjin kuɗi a Kodjoviakopé, wasunku limamai ne, wasu sun yi furfura. Ku shafa kanku, hannunsa ya riga naku zuwa wurin. An ce ɗa na kowa ne. Jikansa dogo ne, baƙi, da tabo a gira, babur ɗinsa ja. Ni ƙafata ba ta kai tasha. Wanda ya gan shi a cikinku, don Allah ya kama masa kunne, ya karɓo mini askar tun tana da tsarki.

Allah Ya jiƙan Baba Wanzam, Ya sa Nasiru ne zai bi gawata.