Mesaj ɗin da na tura Yamai

Ranar da anka ce na samu sitaj, wato koyon aiki, wajen 'yan Shinuwa masu haƙa rijiyar furaj da inji, babu wanda bai ji ba a Konni. Mesaj talatin na buga kahin in iso gida, hannu guda bisa kafaɗar mai kabu-kabu. Abokaina 'yan fadarmu ta hira sunka laƙa mani "Injiniya". Wata ukku kawai zan yi, a ba ni takardar shaida mai jan tambari, in kai lakwal. In babu ta, babu wucewa aji na gaba.

Sansaninsu na bakin hanyar Malbaza, kwantena huɗu cikin waya. Shef ɗina, shugaban sansanin, ɗan tsamurmurin mutum ne mai tabarau, kullum da kwalbar shayin ganye a hannu. Faransancinshi bai wuce gaisuwa ba, komi sai ta bakin tafinta, wani ɗan Damagaram da ya yi karatu can ƙasarsu. Aikina in juya rahoton direbobi zuwa ordinatar. Kowace sahiya ana taro a tsaye, a hwaɗa ma kowa nashi, nashi kaɗai. Direba bai san inda mai walda za ya ba. Babban patiro, mai kamfanin, yana Yamai, lambarshi na manne a bango, ban taɓa ganin wanda ya kira ta ba.

Sati na ukku munka tahi wani ƙauye wajen Tajaye kai bututu. Wata tsohuwa ta tare ni da kwarya cike da ruwan sabuwar rijiyar da anka haƙa masu.

"Ɗan nan, kai ke jin maganassu? Ɗanɗana."

Na kurɓa. Kamar an jiƙa kanwa.

"Kwana shidda ke nan, ko awaki sun ƙi shi," in ji ta. "Mun koma tabki."

Cikin mota na ciro waya. Na yi zaton babu wanda ya sani, kuma ga ni, mai labari da ɗumi-ɗuminshi. Na rubuta ma patiro na Yamai layi ukku da faransanci, har da sunana a ƙasa don kar a ba wani yabon. Minti guda bai cika ba.

Wanshekare babu wanda ya ɗaga murya. Shef ya shiga kwantena da waya a kunne, ya daɗe, ya hito yana goge tabarau. Da rana tafinta ya ja ni bayan janareto.

"Ƙanena, wa ya aike ka?"

"Yaya, ruwan hwa ba ya shawuwa."

"Kai ka gano? Shef ya sani tun ranar hwarko. Ya aika ruwan gwaji, injin haƙa na komawa jibi. Su nan ba a hawa da matsala sama ita kaɗai, sai an haɗo ta da maganinta. Kuma tsani ake bi, kai gare ni, ni gare shi, shi ga patiro. Yanzu an tambaye shi gaban manya yadda ɗan sitaj ya riga shi."

"To in ba shi haƙuri mana."

"Haƙurin mi? Ai bai ce ka yi komi ba."

Bai kuwa ce ba. Yana amsa gaisuwata da murmushi. Sai dai rahoton direbobi ya daina zuwa teburina. Taron sahe anka maida shi wani lokaci, ban san wane ba, in na iso an watse. Motoci su hita, su dawo da laka ja, in tambayi direba daga ina, ya ce "can". Injin ya koma ƙauyen, anka ƙara zurhi, ruwa ya gyaru. Wannan ma bakin mai tuyar ƙosai na ji shi.

Ina zuwa bakwai, in zauna. Panka na juyawa. In buga wasan maciji a waya har batir ya mutu, in sa caji, in kalli bango. 'Yan fada su turo, "Injiniya ya aiki?" in amsa "lahiya lau" da babban yatsa ban ko duba ba. Ban ji haushi ba. Ban ji komi ba, gaskiya. Sati tara haka.

Da lokaci ya matso na tambayi tafinta zancen takarda. Ya shiga wajen shef, ya hito.

"Ya ce ana dubawa."

Bayan sati, ana dubawa. Kukun sansanin, wani dattijo ɗan Bazaga, ya zuba mani shinkafa ya ce, "Ɗan lakwal, shekara biyu nike nan, ban taɓa jin sun ce a'a ba. Ci abincinka."

Litinin ta ƙarshe na sauka daga kabu-kabu na tarar da hili. Sawun kwantena huɗu a ƙasa, da tsohuwar taya. Gardi mai tsaron wurin na naɗe tabarmarshi. Ya ce tun Asabar sunka ɗaga, wajen Illela ko gaba, shi ma ba a hwaɗa mashi ba.

Na kira tafinta, waya ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba. Na hwara rubuta mesaj, na goge.

A lakwal mushe, malaminmu, ya buɗe dosiyena, babu takardar, ya rufe. Na maimaita ajin. Sitaj na biyu a meri ta Konni, ofishin magajin gari, na yi shi, ina buga tambari bisa takardun haihuwa.