Ranar da Uwar Kumfa Ta Hana Mota Tashi

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe shida da rabi na safe ba ta taɓa yi mata a gida ba. Kafin maigadi ya gama buɗe ƙyauren kamfani tana tsaye. Za ta ajiye waya a akwatin bakin ƙofa, ta cire zobe da awarwaro, ta sauya takalmi, ta zazzage aljihunta a gaban kowa, alhali ba wanda ya taɓa zarginta da ɓoye ashana. Daga nan sai ta wuce wajen bahonta.

Ga wanda bai sani ba, kamfanin maganin sauro yake ɗurawa a gwangwanin feshi. Abin da ke tunkuɗo maganin waje iskar gas ce, 'yar'uwar wadda ake girki da ita. Kowane gwangwani, in an ɗura shi an matse bakinsa, sai ya bi ta cikin wani dogon baho na ruwan zafi. Zafin ne ke takura iskar, in akwai huda ko kamar tsinin allura ce sai kumfa ta taso. Aikinta ke nan, zama a doguwar kujera ido a ruwa tun safe har yamma. Shi ya sa ake ce mata Uwar Kumfa. Masu lodi sukan tsokane ta, "Inna, yau kifi nawa kika kama?" Ba ta ko ɗaga kai take cewa, "Saura kai."

Ni ban taɓa aiki a wurin ba. Maigidana ne direbansu, Allah ya jiƙansa, wata biyar ke nan da rasuwarsa. Ya sha alwashin ranar da za ta yi ritaya shi zai miƙe ya ba da labarin nan. Ritaya ta zo jiya, ba shi. To ni zan faɗa, yadda na ji daga bakinsa fiye da sau ɗari.

Wata damina ce, sauro ya addabi mutane, 'yan kasuwa sai aike suke a kawo kaya. Da hantsi abin da ke ɗumama bahon ya ƙone. Ta tsoma ma'aunin zafi, ta ga ruwa ya huce, ta ce wa mai kula da aiki a tsaya. Shi kuwa sabon zuwa ne, manaja na hura masa wuta. Ya ce, "Inna, ruwa ai ruwa ne."

"Yallaɓai, ruwan sanyi rufa wa gwangwani asiri yake yi."

Ta tafi neman mai gyaran lantarki da kanta. Kafin ta dawo an saki inji, an cika kwalaye, an loda mota an rufe ta ruf. Ga maigidana tsaye yana kaɗa makulli a yatsa, tafiyar awa shida na gabansa cikin rana.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Direba, wannan maratayin makullin sabo ne? Mu gani." Shi kuma, bawan Allah, ya miƙa mata har da murmushi. Ta ɗora makullin a kan kujerarta, ta haye ta zauna a kai!

"Yaya, wasa kike yi?"

"Ka ga na yi kama da mai wasa?"

"To ni yanzu ta ina zan ɗauko shi?"

"Gwada mu gani," in ji ta. Masu lodi suka tuntsire da dariya.

Mai kula da aiki bai yi dariya ba. Ya ce in motar nan ba ta fita kafin azahar ba, ta sani ta kori kanta. Kowa a wurin ya san 'ya'ya huɗu ne a wuyanta, mijinta kuma yana kwance ba lafiya. Matan da ke jera kwalaye suka shiga raɗa mata ta haƙura. Ta ce, "Yallaɓai, kwali ɗaya nake so daga cikin motar, da ruwan zafi. In ban ga komai ba, da ƙafata zan fita, ba sai ka ɓata takardarka ba."

Da ƙyar ya yarda, aka ɗan buɗe bayan motar aka zaro kwali ɗaya, aka mayar aka rufe. Wani mai lodi, wai shi mai dabara, ya ce bari ya ɗauko risho a dafa ruwan a nan kusa. Maigidana ya ce tsawar da ta daka masa, har a titi an ji. "Risho? A nan? Kai uwarka ta gaji da kai ne?" Sai matan suka kwashi bokitai, suka ruga ɗakin girki can ƙarshen fili, suka yi ta jido tafasasshen ruwa, wannan na shiga wannan na fita. Ita kuma tana sirkawa tana aunawa, ba ta ɗaga daga kan kujera ba.

Ta jera gwangwani goma sha biyu a kwando, ta nutsa. Can sai ga ƙwayar kumfa guda ta taso. Ga ta biyu. Kafin a ce me, ruwa ya ɗauki tsiri-tsiri ta wuri biyar! Makanike ya ruga ya duba injin matse baki, ya fito hannu a ka: ashe tun hantsi ya saki.

Maigidana ya zabura. "Yaya, ba ni makulli in fitar da motar daga nan!"

"Kul ka tayar da ita! Ku buɗe ƙofofin a hankali, kowa ya ja baya."

Ana buɗewa warin ya bugi mutane har da masu tari. Sai da iska ta ratsa motar sosai, sannan ta sa aka sauke kwalayen da hannu ɗaya bayan ɗaya, aka baje su a inuwa a fili. Maigidana kuwa ya zame ya zauna a ƙasa daɓas. Domin ya san halinsa: duk tafiya, in ya yi awa biyu sai ya tsaya gefen hanya, ya kunna taba, ya buɗe bayan mota ya duba kaya da ita a baki.

Ba a ba ta lambar yabo ba, ba a kuma kore ta ba. Washegari mai kula da aiki ne ya fara gaishe ta, da hannunsa ya liƙa takarda a bango: in ruwa ya huce, inji ya tsaya. Maigidana kuwa bai ƙara kusantar kaya da wuta ba. Tabar dai sai bayan shekara uku ya rabu da ita, kada in yi masa ƙarya.

Ke ce, Uwar Kumfa, ido mai gadin rai. Ke ce kika yi kasada da abincin 'ya'yanki saboda mutumin da ba dangin uwa ba na uba. Gwangwanin da ya bi ta gabanki yana ɗakin jarirai da ɗakin tsofaffi a gidajen da ba su san da ke ba. Ku masu ɗurawa, da masu sito, da direbobi, in kun ga abu ba daidai ba ku tsaya, ko da ku kaɗai ne, ko da za a yi muku dariya.

Yaya, shekara goma sha tara kika ƙara mana da shi, da ikon Allah. A cikinsu na haifi 'yan matanmu biyu na ƙarshe, ya ga auren babban ɗanmu, ya ɗauki jika. Da lokacinsa ya yi, a kan gadonsa ya cika, hannunsa cikin nawa, na ga fuskarsa lafiya lau na rufe masa ido. Na gode. Allah ya huta gajiya.