Kunnen saniyar habbanaye

Shekarar da aka kawo 'yan kunnen shanu rugarmu, kusa da Bazaga, ina cikin masu taya ma'aikatan allurar dabbobi aiki, don na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, kuma na iya kada saniya. Ɗan kunnen na roba ne, rawaya, da wata 'yar ƙwaya a ciki mai ɗauke da lamba. Ba shi da batir, ba ya yin komai shi kaɗai. Sai an kawo wata sanda dab da kunnen, ta tashe shi da iskar rediyo, ya faɗi lambarsa, sandar ta miƙa wa salula, salula ta tura intanet in akwai rezo, wato layin sadarwa. Daga nan mutum yana zaune buro, wato ofis, a garin Tawa zai ga an yi wa saniya kaza allura a wuri kaza. Na maimaita bayanin nan har bakina ya gaji, amma abu ɗaya mutane suka riƙe: shanu sun shiga salula.

Babana bai ƙi ba. Ya dai tsaya yana kallo ana huda kunnuwa, ya ce shanunsa sun riga innata samun sabon ɗan kunne. Inna ta ji, ba ta yi dariya ba.

Cikin garken akwai wata jar saniya da ba tamu ba. Wani tsohon abokin Baba a Alela ne ya ba shi ita habbanaye, bayan farin da ya kusa share mu. Habbanaye a wurinmu shi ne a ba ka saniya ka riƙe, ka sha nononta, ta haifa maka sau uku, 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita. In ta mutu a hannunka ba a binka komai, sai dai ka yanki kunnenta ka kai masa ya ga tsagar gidansu. Abin da ba a so shi ne ka zo hannu biyu babu saniya babu kunne. Ba wanda zai ce maka ka sayar, amma kowa zai yi tunanin haka, kuma ba a sake ba gidanku aro.

Jar saniyar ta haifi na ukun, ana jiran yaye. Baba har ya sayi sabuwar igiya da kanwa na rakiya. Sai wata rana bayan girbi garke ya dawo daga mashaya babu ita.

Da aka gama bin sawu har ya ɓace a kan hanyar mota, Baba ya zo ya zauna gabana, abin da bai saba ba.

"Buɗe salulag ga ka hwaɗa min inda take."

Na buɗe. Abin da ke ciki shi ne an gan ta a Bazaga ranar allura, shi ke nan.

"Bazaga mun baro tun da daɗewa. Yanzu nika tambaya."

Na ce, "Baba, abin ba ya ganin nesa. Sai an kai sanda kusa da kunnenta."

"To mi aka huda ta dominai?"

Haushi ya kama ni, ba nasa ba, na kaina da na waɗanda suka zo da motarsu suka yi ta cewa yanzu kowace dabba tana kan intanet. Saniyar tana kan intanet ɗin, gaskiya ne, amma lambarta ce kawai a can, ita kuwa Allah kaɗai ya san inda take.

Na roƙi shugaban aikinmu ya ba ni aron sandar, ya ba ni. Daga nan muka shiga bin kasuwanni, ni da Baba. Mun ci ta Konni, mun ci ta Malbaza, mun hau motar haya har Illela mun dawo da ciwon baya. Baba ba ya buƙatar sanda kafin ya gane saniyarsa, amma idonsa ya fara rauni, kuma jajayen shanu a ƙasarmu sun fi a ƙirga. Duk wadda ya yi shakka sai ya ce in gwada. In kutsa tsakanin ƙahoni, dillalai suna harara, sanda ta yi ƙiit, lambar wani ta fito. Wasu kunnuwan rami kawai ya rage, an cire robar. Har tsokana aka fara yi mini, wai ga likitan da ke auna zazzaɓin kunne ya iso.

Na gaji ƙwarai. Na gaji da rana, da warin kara inda ake cinikin shanu, da bayanin da nake yi wa kowane dillali, na kuma gaji da ganin Baba yana raguwa cikin rigarsa. A gida ɗan maraƙin yana ta kuka, Inna tana ba shi ƙasari da hannu. Sau biyu abokin nan na Alela ya aiko da gaisuwa, bai ambaci saniya ba, kuma wannan shirun ya fi damun Baba.

Ranar kasuwar Dogarawa mun gama zagaya kara ba mu ga komai ba. Da la'asar na ce mu ci wani abu, muka nufi rumfar mahauta. Na zauna a kan benci, na jingina sandar jikin wani kwando da aka rufe da buhu. Ban ma kashe ta ba don gajiya. Sai ta yi ƙiit.

Na duba ba da wani tsammani ba. Lambar ce. Na san ta kamar sunana.

Mahaucin ya ɗaga buhun. Kai ne da ƙafafu, ba a kai ga babbake su ba. Ya ce shi da safe ya saye ta a hannun dillali, dillalin kuma a hannun wani baƙo, kuma na yarda da shi. Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya tsuguna, ya kore ƙudaje, ya shafa goshinta kamar yadda yake yi kafin tatsa. Sannan ya ce wa mahaucin, "Ara min wuƙa."

Kunnen hagu ya yanka, mai tsaga biyu na gidan abokinsa, robar tana lilo a jiki. Ya naɗe a bakin rawaninsa. Salulata kuwa ta kama rezo a daidai lokacin, ta tura labari cewa an ga saniyar a Dogarawa yau.

Washegari muka tafi Alela a kan amalanken jaki, Baba yana jan 'yarta ta fari da sabuwar igiyar nan. Na ce masa al'ada ba ta ce ya biya ba. Ya ce ya sani.

Tsohon ya tarbe mu, aka sha fura, aka tambayi lafiyar kowa har da tumaki. Sannan Baba ya kwance rawani ya ajiye kunnen a kan tabarma. Tsohon ya juya shi, ya bi tsagar da yatsa.

"Tawa ta. Allah shi maida alheri." Ya dubi karsanar da ke ɗaure a ƙofa. "Wagga kau ka koma da abinka. Habbanaye ba bashi na ba."

Ya tashi ya shiga turke, ya fito da wata karsana tasa, ya miƙa wa Baba igiyarta a matsayin sabon habbanaye.

Baba ya dubi igiyar ya daɗe. Na ga kafaɗunsa sun sauka, karo na farko tun ranar da garke ya dawo babu ita.

"Na gode, ɗan'uwa," ya ce. "Amma na tsufa, ba ni da haihuwa uku a gabana."

Tsohon bai janye hannunsa ba. Ya juyo da igiyar wajena. Ni da nake ta shirin komawa Konni neman aikin zama, na jingine sandar jikin danga na karɓa da hannu biyu.