Ranar da Kukan Taya Ya Watsa Gidana

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Damina biyu ke nan bayan babbar ambaliyar da ta cinye gonakin bakin kogi, a shekarar da mutanen Mubi da na bayansu suka yi ta kwararowa Yola, wasu a mota, wasu a ƙafa. Maigidana Malam Buba yana da shekara uku a kabari, ni kuma ina zaune a kan bencinsa a layin masu taya na Jimeta, mace ɗaya tilo a cikin maza.

Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya, kun tarar ana rusuna mini. Da ba haka ba ne. Da na fita takaba na buɗe shagon, cewa aka yi ba zan kai wata shida ba. Ko sunana ba a kira, sai dai "matar marigayi". Ban yi boko ba. Lambar jikin taya na san ta ne kamar yadda ake sanin fuskar mutum, sauran kuma tafin hannuna ke karantawa, don na fi shekara ashirin ina kai wa Malam Buba abincin rana ina zama ina kallo. Abin da ya riƙe ni a layin shi ne wani ofishi na masu aikin lafiya, ba sai na faɗi suna ba. Tun zamanin maigidana a shagonmu suke sayen taya. Kowa ya san ranar da suka juya mini baya, sauran masu saye za su bi su.

Ga yadda ofis ke sayen taya, don wanda bai sani ba. Direba zai kai kuka wurin ofisa mai kula da motoci. Ofisa zai zagaya shago uku ya karɓo takardar farashi. Kwamiti ya zauna ya sa hannu, sannan a ba shago ɗaya takardar kawo kaya. Sunan da ke kan takardar nan, shi ne ya ci ciniki.

Taya kuma ta irin waɗannan motoci masu ja da ƙafa huɗu iri uku ce. Akwai ta kwalta, mai ƙananan zane, ba ta da hayaniya amma dutse ɗaya ya isa ya yaga gefenta. Akwai ta taɓo, mai manyan haƙora kamar na kada. Sai ta tsakiya, haƙoranta madaidaita, gefenta da kauri, tana bin kwalta tana bin burji.

A ranar, da hantsi, sai ga farar a-kori-kurarsu ta tsaya. Direban na san shi, Yohanna, mutumin Numan, ba ya da yawan magana. Ofisan ne sabo, Malam Hamidu, ɗan unguwar Makama, da biro uku a aljihun gaba. Ya gaishe ni da Fulatanci cikin ladabi, yana kirana Dada, wato uwa, sannan ya ce, "Dada, taya biyar nake so har da safaya. Masu manyan haƙoran nan, irin na motocin sojoji."

Ina da su a ciki, kuma sun fi tsada, ribarsu ta fi. Amma ban taɓa sayar da sabuwa ban gaisa da tsohuwa ba. Na durƙusa na bi tayar gaba da hannu. Ta suɗe lumui, daidai wa daida, irin cin da kwalta ke yi. Na leƙa ƙarƙashin motar, jar ƙura ce ta burji, babu baƙar lakar fadama ko kaɗan.

Maƙwabcina Alhaji Sule yana kallo daga shagonsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ofisa, yi haƙuri, ungozoma tana duba cikin motarka."

Na ce, "Gara ni, in na shafa na san wata nawa ne. Kai ko a gabanka aka haihu sai an gaya maka."

Layi ya ɗauki dariya. Na juya wurin direba na ce, "Yohanna, ina kuke zuwa da motar nan?"

Ya saci kallon ogansa, ya ce, "Mama, gaskiya kwalta ne muna bi. Girei, Song, wani lokaci Gombi. Sai mun kusa ƙauye muna sauka ƙasa, shi ma ba nisa ba."

Na ce wa Malam Hamidu, "To ka ji. Motar da in ta yi tafiya goma takwas a kan kwalta ce, ba ta da haɗi da tayar taɓo. Zafin kwaltar garin nan zai cinye haƙoran kafin a kai wata damina. Za ta sha muku mai. In aka yi ruwa Yohanna ya taka birki, sai ta ƙara gaba kafin ta tsaya. Ga kuka kamar ana jan turmi. Ta tsakiya za ka sa."

Ya ce, "Dada, kin san halin da ake ciki. Mata ma'aikatan jinya nake sawa a motar nan. In abu ya tashi mota ta kafe da su a laka, ni za a tambaya, a nan da lahira."

Maganarsa ta shige ni, don ba ƙwalisa ce ta kawo shi ba, tsoro ne. Na ce, "Allah ya tsare. Amma ranar gudu, ɗana, a kan kwalta za a yi shi."

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Farashi na zo karɓa."

Na ce, "Na ta tsakiya zan ba ka. Waccan ba zan sa wa motar nan da hannuna ba."

Alhaji Sule ya riga ya kakkaɓe benci. "Taho nan, ofisa, inda ake sayar da taya. Can wa'azi ake yi."

Malam Hamidu ya tafi ya zauna. Lokacin gaggawa ne, kwamiti bai ɓata lokaci ba, kafin azahar takarda ta fito da sunan shagon Alhaji Sule. Ina zaune aka ɗaga motar aka ɗaura mata haƙoran kada biyar. Na ga masu faci suna taɓa juna. Abincin da na zo da shi ban iya ci ba.

Bayan la'asar ina rufe shago, Malam Hamidu ya dawo ɗaukar motar. Ɗan mutunci ne, bai so mu rabu a haka ba. Ya ce, "Dada, keke napep yana wuya yanzu. Za mu gwada tayoyin, bari mu sauke ki gida." Na so in ƙi, sai na ga in na ƙi za a ce haushi nake ji. Na shiga gaba, shi ya koma baya.

Muna hawa titi tayoyin suka fara. Wani gurnani ne da ke tasowa daga ƙasa, yana ƙaruwa da gudun mota, har sai da Yohanna ya ƙaro rediyo.

Gidana a Jambutu bakin kwalta yake. A lokacin cike yake da 'yan gudun hijira, wasu dangin maigidana, wasu ban taɓa ganinsu ba sai da wahala ta kawo su ƙofata. Musulmi da Kirista, tukunya ɗaya. Kullum in na dawo tun daga nesa nake jin hayaniyarsu. Ranar kuwa, mota ta tsaya, shiru. Na ce wa Malam Hamidu ya shigo ya sha ruwa, ya biyo ni.

Babu kowa a tsakar gida. Tuwo na kan wuta da muciya tsaye a ciki. Faifan masara a kife, kaji suna ci. Takalma a warwatse, ƙofar baya a wangale. Na yi ta kiran suna, ba amsa. Sai da na zaga bayan banɗaki na tarar da Saratu, wata yarinya da ta haihu a hanya sati uku da suka wuce. Tana tsugune, ta toshe bakin jaririyar da tafin hannu. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunta. Sai da yarinyar ta ja numfashi ta tsala kuka sannan ni ma nawa numfashin ya dawo.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fitowa, daga ƙarƙashin gado, daga gidan maƙwabta. Na ƙarshe shi ne Baba Zira, tsoho mai sanda, wanda ya haura katangar da ko saurayi sai ya yi shawara. Gwiwarsa na jini. Ya dubi Malam Hamidu, ya leƙa ya dubi motar, ya ce, "Ɗana, kada ka ga kamar hauka ne. A garinmu kafin ka ga motar masu kawo hari, kukan nan kake fara ji. Wanda ya tsaya ya tabbatar, shi ne bai iso Yola ba."

Ni kaina kunya ta kama ni. Na sha lura in irin motar ta wuce a titi hira tana yankewa a gidan, amma ban taɓa tambaya ba, kuma ba a taɓa samun wadda ta rage gudu ta tsaya a ƙofarmu ba. Ni da ke taƙamar sanin taya, ni na kawo musu ita har gida.

Malam Hamidu ya tsuguna a gaban tsohon nan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Jibi sansanin 'yan gudun hijira na Damare za mu kai magani. Duk irinsu ne a can."

Ban ce masa na gaya maka ba. Na ɗebo ruwa na ba shi.

Washegari kafin in buɗe shago yana tsaye a ƙofa. Ya ce, "Dada, na rasa yadda zan yi. Tayar da ta taka ƙasa ba a mayarwa. Takarda kuma ba sunanki ba ne a kai. In na koma kwamiti na ce a soke a ba ki, Alhaji Sule zai ce na ci amanarsa."

Na ce, "Ba za a soke ba."

Akwai ƙa'ida a layinmu tun kafin a haife ku: mai saye in ya zauna a bencin maƙwabcinka, nasa ne har ciniki ya ƙare. Ba a fizge lomar da ta kai baki. Na tashi da ƙafata na je shagon Alhaji Sule, abin da ban taɓa yi ba. Na ba shi labarin jiya ba ƙari ba ragi. Shi ma yana da baƙi a gidansa, sai na ga ya cire hula ya riƙe. Na ce, "Kai ba ka da ta tsakiya a wannan lambar, ni ina da biyar. Ka ɗauka ka sa musu da sunanka. Masu haƙoran ka ba ni, na san wani mai noman shinkafa a fadama da motarsa ba ta ganin kwalta sai ranar kasuwa. Shi aka yi wa su."

Ya dube ni ya ce, "Jiya na yi miki dariya a gaban mutane."

Na ce, "Yau ma a gabansu za ka gangaro tayoyina."

Haka kuwa aka yi. Alhaji guda, da babbar riga, ya gangaro taya biyar daga shagona zuwa nasa, layi duka na kallo. A ta ƙarshe ya tsaya yana haki ya ce, "Ku shaida, Dada ta fi ni ido." Daga ranar ban sake jin "matar marigayi" ba.

Malam Hamidu bai ɓoye wa kwamiti komai ba, da bakinsa ya faɗi kuskurensa. Suka kafa doka cewa ba za a sake sayen taya ba sai an zaunar da direba ya faɗi hanyar da motar ke bi. Ran Alhamis Yohanna ya biyo da yamma ya ce sun shiga Damare har gindin bishiyar da mata ke jira, ba wadda ta tashi daga tabarma. Takarda ta gaba da sunana ta fito, haka ta bayanta, har Malam Hamidu ya ajiye aiki. Tayoyin tsakiyar nan kuwa sun ga damina uku, ba su taɓa kafewa da kowa ba.

Abin da zan bar muku shi ne, mai saye yana zuwa da hanyar da yake tsoro a kansa, ku kuma ku duba wadda yake bi kullum, tana rubuce a tsohuwar tayarsa. Sannan ku tambayi wurin wa motar za ta. Wannan na biyun ni ma a ranar na koye shi, kuma ba a shago ba.

Alhaji Sule ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni na aika da abincin sadakar uku. Baba Zira ya koma gida da ƙura ta lafa, a gonarsa ya cika. Malam Hamidu yana nan a Makama, furfura ta cika masa kai, duk sallah sai ya zo gaisuwa. Yohanna ya tara ya sayi tasa motar. Saratu ma tana nan, ba ta koma ba, tana sayar da ƙosai a Jambutu. Jaririyar nan har ta kusa kamo ni tsawo. Kwanaki ita da uwarta suka rako ni bakin titi, wata mai manyan haƙora ta wuce da gudu tana gurnani. Uwar ta damƙe hannuna. Yarinyar ko waiwayawa ba ta yi ba, ta ci gaba da ba ni labarin makarantarsu.