Verlene Boatwright da Akwatin Wasiƙun Mista Pruitt

Haihuwa da Karatu

An haifi Verlene Tackett ranar 9 ga Maris, 1952, a garin Pecan Ford da ke kudancin ƙasar Amurka. Mahaifinta Odell Tackett manomin auduga ne, mahaifiyarta Jewell kuwa ita ke jagorantar mawaƙan majami'ar garin. Verlene ta yi firamare da sakandare a gida, sannan ta tafi jami'ar jihar inda ta karanci ilimin harhaɗa magunguna. Ta karɓi shaidar aiki a shekarar 1975, kuma ita ce mace ta farko daga gundumarsu da ta samu wannan daraja.

Aure da Sana'a

A shekarar 1977 ta auri Harvey Boatwright, ma'aikacin gidan waya mai raba wasiƙu a ƙauyuka, kuma Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. A 1983 ta buɗe kantin maganinta a babban titin garin. Da asibitin Pecan Ford ya rufe a 2009, likita mafi kusa ya koma nisan mil hamsin, sai ya zama duk mai tari ko jiri wajen Mis Verlene yake fara zuwa. Ta san ciwon kowa, ta san wanda ke ɓoye ƙwaya a aljihu ya ce ya sha.

Shekarar Jarrabawa

A 2016 wani kamfanin dillancin magani, wanda ke tsakanin masu inshora da kantuna, ya wajabta wa masu doguwar jinya karɓar maganinsu ta gidan waya daga rumbunsa. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Cleon Pruitt, tsohon makanike mai ciwon sukari, wanda ya shekara ashirin yana karɓar insulin, ruwan allurar ciwon sukari, daga hannunta. Mijinta ne kuma aikinsa ya tilasta wa saka maganin cikin akwatin wasiƙu na ƙarfe da ke bakin hanya, rabin mil daga gidan tsohon.

Wata Asabar a watan Yuli, 2018, lokacin tsananin zafi, Mista Pruitt ya shigo kantin yana haɗa hanya, ya ajiye kwalbarsa a kan tebur.

"Mis Verlene, ko dai tsufa ne, ko ruwan famfo suka aiko mini."

Ta ɗaga kwalbar, ta ga ruwan ya yi gudaje, alamar zafi ya lalata shi. "Kwana nawa ta yi a akwati?"

"Biyu. Ƙafar nan ba ta son tafiya."

Ga sabuwar kwalba a firjinta, amma irin nasa sai da takardar likita, kuma dokar jihar ta lokacin ba ta ba ta ikon bayarwa da kanta ba. Ta rufe kantin, ta sa shi a motarta, ta yi tafiyar mil hamsin ɗin. Kafin su isa ya suma. Ya kwana tara a asibiti, ya fito ganinsa ya ragu. Harvey ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci.

"Da hannuna na saka ta, Verlene."

"Tsoho, kai aka ba ka kai. Ci abincinka, akwai aiki a gabanmu."

Gaban Majalisa

Ta rubuta wa majalisar dokokin jihar takardu goma sha ɗaya tana neman abu biyu: a hana tilasta wa mara lafiya karɓar magani ta gidan waya, kuma a ba mai harhaɗa magunguna ikon bayar da na gaggawa idan likita ya yi nisa. Ƙudurin farko ya mutu a kwamiti a farkon 2019, bayan lauyoyin kamfanin sun ce suna naɗe maganin da ƙanƙara.

A watan Agustan shekarar kwamitin ya sake zama. Al'adar wurin ita ce a ba kowane mai shaida minti uku, jar fitila na kamawa ya yi shiru. Verlene ba mai yawan magana ba ce a cikin taro. Da izinin Mista Pruitt suka cire akwatinsa daga bakin hanya, Harvey ya bar shi a bayan motarsa cikin rana awa uku, da kyandir a ciki. Da aka kira sunanta, ya shigo da shi sanye da safar hannu, ya ɗora a gaban shugaban kwamitin.

"Madam, wasiƙa kika kawo mana?" in ji shugaban, aka yi dariya.

"Ita ce, ranka ya daɗe. Buɗe ka ɗauka."

Ya kama murfin, ya fizge hannunsa yana yarfewa. Harvey ya buɗe masa. Kyandir ya narke ya kwanta, sai lagwani.

"Kai daƙiƙa ɗaya ka yi," in ji ta. "Maganin Mista Pruitt kwana biyu ya yi. Na gama."

Ta koma ta zauna, fitilar ba ta ko canza launi ba. Majalisar ta amince da ƙudurin a zamanta na 2021, da buƙatun nan biyu a cikinsa. Mista Pruitt ne mutum na farko da ya dawo kantin, ya ce a ba shi mai sanyi kamar lemo. Ya ƙara shekara biyu a duniya yana karɓa daga kantinta.

Rasuwa

Verlene ta yi ritaya a 2022. Allah ya yi mata rasuwa ranar 14 ga Oktoba, 2024, tana da shekara saba'in da biyu, bayan gajeriyar jinya. An binne ta a maƙabartar majami'ar Pecan Ford kusa da iyayenta, kuma a ranar kantunan babban titi duk sun rufe. Ta bar mijinta Harvey, da 'ya'ya uku: Dwight, malamin makaranta, Lorna, ma'aikaciyar jinya, da Marlys, wadda ta gaji sana'arta da kantinta, sai jikoki bakwai. Akwatin yana nan a kan teburin kantin, murfinsa a buɗe, kuma Harvey bai yarda a kankare kyandir ɗin ba.