Hatsi da mutum ba sa kwana ɗaki ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace. Masu tambaya ko na daina sayar da wake ne, da masu cewa Binta ta yi kuɗi ta manta da mutane, duk na ga saƙonku. Ƙarfin amsawa ne babu. Jinya na yi.

Bayan kaka abin ya fara. In farka da safe zuciyata na tashi, miyau ya cika min baki, kai ya yi nauyi. Wata rana in yi amai, wata rana yunƙurin kawai.

Maƙwabciyata Maman Ngozi, haifaffiyar Funtua wadda Hausar bakinta ta fi tawa, ta leƙo ta gan ni tsugune bakin rariya. Ta ce, "Hajiya, ƙani za a yi wa auta? Ki faɗa min da wuri in fara tanadin zannuwa." Autan da yake sakandare, a makarantar kwana. Na dai yi gwajin, babu ciki.

Mai kemis ya ce taifot. Na sha magani. A asibiti aka ce gyambon ciki, na bar yaji da tsami. Aka ɗebi jini, aka duba fitsari, suga, hanta, ƙoda, aka ɗauki hoton ciki. Komai lafiya lau. Tunkiyata ta tafi a gwaje-gwaje, 'yarta ta bi ta.

Ba abin da ya kai a ce maka lafiyarka ƙalau alhali kana ƙarewa. Yayata ciwon ƙoda ne ajalinta, kuma da tashin zuciya nata ya fara. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye muku ba.

Maigidana direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyar kudu. Ya kira ya ce in tafi Tsiga wajen Inna, ko ba komai akwai mai ba ni ruwa.

Ina shiga gidanmu idona ya sauka inda rumbun Baba yake a da. Duwatsun gindinsa ne kawai suka rage. Muna yara ni ake ɗagawa a zura ciki in miƙo dawa, don ni ce 'yar siririya. Akwai wani sanyi a ciki, da ƙanshin ƙasa da toka da ganyen bedi, wato dogon yaro, har sai an yi min tsawa nake fitowa. Ko masarar gashi Baba ya gani a ɗakin Inna sai ya sa an fitar, yana cewa, "Hatsi da mutum ba sa kwana ɗaki ɗaya." Ɓera yake gudu, da macijin da ke bin ɓera. Daminar da Baba ya rasu rumbun ya faɗi, ba wanda ya tayar. Ni da bakina na ce zamaninsa ya wuce.

Ban yi mako a Tsiga ba na cinye malmalar tuwon dawa da miyar kuka, na nemi ƙari. Inna ta ce, "Ke dai kewar gida ce ciwonki. Uwar 'ya'ya huɗu, amma shagwaɓa ba ta ƙare ba."

Na koma Funtua da murna. Ciwon ya tarbe ni kamar mai jirana a tasha.

Wannan karon wata likita na samu. Ta duba sakamakon gwajina ta ajiye, ta ce, "Hajiya, yaushe kike jin sauƙi?"

Na ce, "In na je gida."

"A nan kuma, me ke cikin ɗakin da kike kwana?"

Na ce gado, durowa, sai buhunan wakena. Tun da aka taɓa fasa min shago na mayar da su uwarɗaka, inda idona ke kansu.

"Da magani a ciki?"

Na ce akwai. Duk ranar kasuwa in na sayo sabon buhu, sai in ƙulle ƙwayar maganin ƙwarin nan da muke kira bom a tsumma in cusa. Ga taga a rufe saboda sauro. Warin nan mai kama da tafarnuwa kuwa na saba da shi har na daina ji.

Likitar ta ce ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa, buhu ba ya riƙe ta, kuma tana kisa. "Ba zan rantse ita ce ba, amma yau kada ki kwana a ɗakin. Ki gode Allah yaran ba sa gida."

A ɗakin Maman Ngozi na kwana. Aka kwashe buhunan, aka bar tagogi a buɗe. A hankali zuciyata ta kwanta, har yau ba ta sake tashi ba. Alhamdulillahi.

Na gode wa likitar nan, da Maman Ngozi da ta yi ta dafa min ruwan citta, da ku masu addu'a.

Shawarata: tashin zuciya in ya daɗe, a je asibiti, kada a tsaya a kemis. Yana iya zama ciki, gyambon ciki, suga, ƙoda, wani maganin da ake sha, ko damuwa. A lura da lokacin da yake tashi da inda yake lafawa, a gaya wa likita. Kafin nan a ci kaɗan-kaɗan, a rage maiƙo, a riƙa kurɓar ruwa. In da jini a amai ko rama ta yi yawa, kada a jira gobe. 'Yan uwana masu ajiyar hatsi kuma, don Allah kada bom ya shiga gidan da ake kwana. Akwai buhu mai leda a ciki wanda ba ya buƙatar magani, shi nake saye yanzu.

Na sa an tayar da rumbun Baba a kan duwatsunsa na da. Da ya bushe na taka turmi na zura kaina ciki. Ƙanshin yana nan yadda na bar shi. Inna na bayana tana cewa, "Sauko, yanzu ba mai iya ɗaga ki."

Ban sauko da wuri ba, don ba na so ta ga ina kuka.