Tumatir Biyu a Gonar Malam Sabo

Kano, 5:40 na asuba

Na bar gida da kundin digirina a cikin leda. Ranar Litinin zan miƙa shi. Batunsa tagwayen ƙwayoyin haske ne, waɗanda komai nisan da aka raba su, in aka yi musu awo iri ɗaya, amsarsu ɗaya ce. Na rubuta cewa babu abin mamaki, tun wurin rabuwa kowace ta ɗauki amsarta. Kunya ta hana ni nuna wa malamin da ke duba aikina, sai na nufi Malam Sabo, wanda ya koya mana Fiziks a sakandare, yanzu yana noman rani.

Kura, 6:50

Kilomita talatin da ɗoriya a bas, shingen 'yan sanda ɗaya. Na karya da koko da ƙosai, na tari mai babur.

"Malam Sabo mai yi wa tumatir lissafi? Hau, ɗan boko!"

Wajen Bunkure, 7:35

Muka bi gefen kanal, magudanar ruwan noman rani. Na sami Malam Sabo yana zaɓen tumatir. Ya goge hannu, ya karanta babin ƙarshe a tsaye, sannan ya ɗauko tumatir biyu.

"A ce tagwaye ne. Dillali tambaya uku yake yi: ja ne, babba ne, da tauri? Amsa e ko a'a. Cikin amsa uku, dole biyu su zo ɗaya, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam."

"To in tun daga gona amsar take, ka yi wa wannan tambaya ɗaya, wancan wata daban, sau nawa za su dace?"

Na zana a ƙasa da kara. "Aƙalla ɗaya cikin uku."

"Su ƙwayoyin haske, in aka daidaita ma'aunin, ɗaya cikin huɗu suke bayarwa. An gwada, an sake gwadawa."

Na sake lissafin sau biyu. Ɗaya cikin huɗu bai kai ɗaya cikin uku ba, ashe ba tun wurin rabuwa ƙwayoyin suka ɗauki amsarsu ba. Wata huɗu na yi a kan babin nan. Idona ya kawo ruwa.

"Kada ka ji kunya, ɗana. Manyan masana sun so abin da ka so. Ni ma har yau ban ji daɗinsa ba. Zauna mu ci dafa-duka."

Gida, 4:15 na yamma

Na iso da kwandon tumatir da Malam ya tilasta mini ɗauka. Na gode wa Allah, na gode masa. Na cire shafi goma sha ɗaya, na fara sabon babi da tambayoyin dillali uku.